Sarki Tanimun na Damagaram da gidan da ya bari

  

Kun sani a Ƙaramar Sallar da ta wuce ƙungiya ta biya kuɗin mota, muka kai yaran ajin ƙarshe na lakwal Damagaram don su ga hawan sarki. Yawancinsu ba su taɓa wuce kasuwar kanto ba. Tun hantsi muka sami wuri a filin ƙofar fada. Da aka busa kakaki, ƴan bindiga suka saki wuta, ƙura ta tashi, sai wata yarinya ta ja mu da hannun riga. Tana son ta san wanda ya gina gidan, da dalilin da ya sa ake fitowa da bindigogi ranar Sallah. Muka gaya mata Tanimun ne, daga nan bakinmu ya mutu. Abin ya ba mu kunya. A makarantar horon malamai da Faransanci muka yi karatu, muna iya ba da labarin Luwi na 14 da fadarsa har da shekaru. Sarkin da kakanninmu suka kai wa hatsi kuwa, ƴan layuka ne muka haddace don jarrabawa, muka manta.

Da muka komo gida muka nemi littafin da marigayi Andre Salifu, ɗan Damagaram, ya rubuta a kan tarihin ƙasar, wanda ya fito a 1971. Muka kuma zauna wurin tsofaffinmu da dare. Ga abin da muka tattara, don yaran da kuma don ku.

ASALIN GIDAN SARAUTA

Gidan sarautar Damagaram daga gabas ya fito. Kakansu wani malami ne da tarihi ya riƙe da sunan Malam, ya taso daga wajen Barno ya zauna a ƙasar nan cikin shekarun 1730. Ƴaƴansa da jikokinsa sun yi ta sauya mazauni, ƙarfinsu bai wuce na maƙwabtansu ba. Sai a zamanin Sulaiman, wanda ya yi sarauta daga 1812 zuwa 1822, aka kafa gadon sarauta a Zindar, tsakanin manyan duwatsun nan da kuke gani har yau a cikin Birni. Wannan Sulaiman shi ne mahaifin Tanimun.

A lokacin duniya a motse take. Jihadin Shehu Usumanu, wanda ya fara a 1804, ya kada sarakunan Kano da Katsina da Daura. Damagaram ba ta shiga hannun Sakkwato ba, don haka ta zama mafakar waɗanda aka kora. Sarakunan Katsina sun zauna a cikinta kafin su koma Maraɗi, na Daura ma suka raɓu da ita. Amma ita ma Damagaram tana da ubangida. Tana aika gaisuwa Kukawa wurin Shehun Barno, kuma ba wanda zai zauna daram a gadon Zindar in Shehu bai yarda ba. Cikin wannan hali Tanimun ya girma: Fulani a kudu, Barno a gabas, Buzaye a arewa, gidan ubansa a tsakiya.

SARAUTAR FARI DA TA BIYU

Bayan Sulaiman, ɗansa Ibrahim ya hau a 1822. Ya yi kusan shekara 20, sa'an nan ya saɓa da Shehu Umaru na Barno. A 1841 sarauta ta koma hannun ɗan uwansa Tanimun. Ba ta daɗe ba. Shekara biyu kacal, a 1843, Ibrahim ya komo gadonsa, Tanimun ya bar fada. Ya yi shekaru yana jira yana tara magoya baya, ƴan uwa biyu suna jan igiya ɗaya, Kukawa tana kallon wanda zai fi yi mata amfani. A farkon shekarun 1850 ya sake karɓar sarauta, kuma wannan karo bai sake ta ba sai da mutuwa ta raba, a 1884.

A ganinmu, duk abin da ya aikata cikin waɗannan shekaru talatin da ɗoriya ya samo tushe daga wancan tuɓewa. Wanda aka taɓa fitarwa daga gidan ubansa ya san zafin abin. Tanimun ya gane sarkin da ba shi da ganuwa, ba shi da makamai, ba shi da dukiyar kansa, aron rawani aka ba shi, ranar da mai shi ya so zai karɓe. Sai ya tashi neman waɗannan abubuwa uku.

GANUWA DA FADA

Wajen 1856 ya sa aka kewaye Birni da ganuwa. Ginin ƙasa ce, tsayinta ya kai wajen mita 10, gindinta da kauri ƙwarai, da ƙofofin da ake rufewa da dare. Ku da kuka taɓa kwaɓa ƙasar ɗaki ɗaya kun san yawan ruwa da tubalin da yake ci. To, ku auna ganuwar gari guda, a wurin da tun can ruwa wahala gare shi. Kowane tubali da hannu aka mulmula shi, kowace tulun ruwa a ka aka ɗauko ta. Bayi sun yi aikin, talakawan ƙauyuka ma an kira su.

Tsofaffi suna ba da labari cewa an binne Alƙur'anai cikin ganuwar don tsari, wasu ma suna cewa har da ƴan mata da ransu. Wannan zancen baka ne da ake gado. Amma ko daga irin labarin da mutane suka riƙe, mai hankali zai gane yadda ake jin tsoron sarkin.

Fadar da muka tsaya a gabanta, ita ma a zamaninsa aka tayar da ita, a tsakiyar ƙarni na 19. Wanda ya shiga zai bi zaure bayan zaure kafin ya kai inda sarki yake zama. Ba a banza aka yi haka ba. Kowane zaure da masu tsaronsa, kuma matsayin mutum shi ke nuna inda zai tsaya. Talaka mai ƙara yana da iyakarsa, hakimi yana da tasa, cikin gida kuwa sai iyali da amintattun bayi. Ku dubi kaurin bango da yadda magina suka ɗaure rufin soro da azara, ku ji sanyin ɗakin ko da a bazara. Babu siminti ko ƙarfe a asalin wannan aiki.

A cikin zaurukan nan Tanimun ya tsara mulkinsa. Sarautu irin su Ciroma, Galadima, Yarima da Kaigama suna nuna dangantakar gidan da Barno. Bai dogara ga ƴan uwansa na jini kaɗai ba, don ya ga abin da ɗan uwa ke iya yi. Ya ɗaukaka bayin sarki, ya ba su riƙon yaƙi da na taska, saboda bawa ba ya neman gadon sarauta. Ya kuma jawo malamai kusa da shi, aka yi ta karatu da shari'a a Birni.

RAƘUMI DA BINDIGA

Dukiyar Damagaram a bayan raƙumi ta zo. Garin yana kan hanyar da ta taso daga Tarabulus, ta bi Gat da Abzin, ta sauka Kano. Baturen Jamus Barth, wanda ya sauka Zindar a ƙarshen 1852, ya ɗauki garin a matsayin ƙofar shiga ƙasashen Sudan. A arewacin Birni akwai Zango, inda ayarin Buzaye ke sauke kaya, inda Larabawan Gadamas da na Tarabulus suke da gidaje. Daga arewa ana kawo tufafi, takarda, takubba da bindigogi. Daga Bilma gishiri da dabino, daga ƙasar Manga gishiri da kanwa. Abin da ke fita kuwa shi ne hatsi, fatun da aka jeme, gashin jimina, da bayi.

Tanimun bai tsaya ga karɓar kuɗin fito kawai ba, shi kansa ya shiga fatauci. Ribar da ya samu ya zuba ta cikin makamai. Ya sayi bindigogi daga arewa, ya sa ana haɗa albarushi a gari, maƙera kuma suka koyi zuba igwa. Masana tarihi sun ƙiyasta ya tara bindiga wajen 6,000 da igwa wajen 40. A duk ƙasashen da ke kewaye, babu sarkin da ya riƙe wuta irin wannan a lokacin.

Da wannan ƙarfi ya shimfiɗa ikonsa. Ƙasashen Sosebaki, wato Mirya da Dungas da Waca, suka bi. Muniyo ta wajen Gure, wadda da can ita ma kai tsaye take gaida Barno, ta shiga hannunsa. Ya kai yaƙi kudu, ƙasashen Gumel da Kazaure da Daura sun ji a jikinsu. An ƙiyasta faɗin ƙasar da Damagaram ta riƙe ya kai murabba'in kilomita 70,000. Duk da haka bai yanke igiyar Kukawa gaba ɗaya ba. A suna yana ƙarƙashin Shehu, a aikace kuwa abin da ya ga dama yake yi, kuma ba a sake tuɓe shi ba.

SU WA SUKA BIYA

Nan ne muke roƙon iyayenmu su yi mana haƙuri, don za mu taɓa inda ke da ciwo. Bindiga ba kyauta Larabawa ke ba da ita ba. Babban abin da ake biya da shi mutane ne. Wani Baturen Ingila mai suna Ricadsan, wanda ya zauna Zindar a farkon 1851, zamanin Ibrahim, ya ga yadda ake shigowa da kamammu bayan hari, mata da yara a ciki, ya kuma rubuta yadda ake kashe masu laifi. Zamanin Tanimun yaƙi ya ƙaru, kamu ma ya ƙaru. Wasu an tura su hamada ba a sake jin labarinsu ba, wasu an zaunar da su a gandayen sarki da na hakimai suna noma.

Ƙauyuka irin namu su ne rumbun wannan mulki. Bayan kaka a fitar da zakkar hatsi a kai. In an tashi yaƙi a ba da samari, a ciyar da dawakin da suka sauka. In ganuwa ta tsage a je gyara. A madadin haka, garin da ya bi yana samun kariya daga mahara, fatake suna wucewa lafiya, kasuwa tana ci, mai ƙara yana da inda zai kai kuka. A garin nan namu akwai gidajen da kakanninsu suka hau doki a bayan sarki, akwai waɗanda aka kawo kakanninsu a ɗaure. Yau duk mun zama ɗaya, muna aure tsakaninmu, muna sallah sahu ɗaya, kuma ba mu kawo wannan zance don a tona asalin kowa ba. Mun kawo shi ne don yaro ya san fadar nan da gumin kakanninsa aka gina ta, ko ta wace hanya suka shigo.

BAYAN RASUWARSA

Tanimun ya rasu a 1884. Ɗansa Sulaiman ɗan A'isa ya riƙe ƙasar har 1893, sa'an nan wani ɗan nasa, Amadu Kuren Daga, ya hau. A wannan shekara ta 1893 Rabe ya ci Kukawa, ubangidan da ake jin tsoro ya faɗi. Sai dai wani ya riga ya kamo hanya daga yamma. A 1898 aka kashe kyaftin ɗin Faransa Kazamaju a Zindar. A watan Yuli na 1899 sojan Faransa suka karya rundunar Damagaram a Tirmini, suka shiga Birni, ba da jimawa ba aka kashe Amadu. Shekara 15 ke nan bayan rasuwar Tanimun. Bindigogin toka da igwoyin da suka razana maƙwabta ba su yi wa bindigar Nasara komai ba, ganuwar ma ba ta tare kowa ba.

A 1906 Faransawa suka zargi sarki Amadu ɗan Basa da shirya tawaye, suka tuɓe shi, suka kai shi Kodebuwa. Sai a 1923 aka maido da sarauta gidanta, aka naɗa Barma Mustafa. Zindar ta zama babban birnin ƙasar Nijar daga 1911, har 1926 da aka mai da hedkwata Yamai. Ganuwa ta yi ta zubewa, yau sai guntaye nan da can. Barikin da Faransawa suka gina a kan dutse suka sa masa sunan Kazamaju, bayan mulkin kai an sake masa suna, ana kiransa da sunan Tanimun. Fada kuwa tana nan, jikokinsa suna ciki, ana zaman fadanci, ana sasanta mutane.

ABIN DA IDO KE GANI RANAR SALLAH

Yanzu mu koma ga tambayar yarinyar nan. Hawan da ake yi a Ƙaramar Sallah da ta Layya, rundunar da ce ake fitowa da ita cikin kwalliya. A zamanin Tanimun, ranar Sallah ce sarki ke ganin ƙarfinsa da idonsa. Kowane hakimi zai zo da dawakinsa da mutanensa, ya yi gaisuwa a bainar jama'a. Wanda bai zo ba, an san abin da ke ransa. Baƙin Zango su ma suna kallo, su kai labari Kano da Kukawa da Tarabulus.

Saboda haka in kun tsaya a filin nan, ku san abin da kuke gani. Lifidin da ke jikin doki, auduga ce aka cusa don tare kibiya. Ƴan bindigar da ke sa yara toshe kunne, magadan waɗancan dubu shida ne. Dogarai masu jajayen riguna su ne masu kamu da horo a da. Kakaki da tambari ba a busa su ko a kaɗa wa kowa sai sarki, kuma da jin su mutanen da suke sanin ko lafiya ko yaƙi. Mahayan da ke sukuwa su ja linzami a gaban sarki su ɗaga hannu, mubaya'a suke sabuntawa, kamar yadda kakanninsu suka yi.

Talakawa ma suna da nasu rabo a bikin. Mahauta suna yin hawan ƙaho a ƙofar fada: a ɗaure bijimi da igiyoyi, a tsokane shi har ya fusata, saurayi ya faɗa tsakanin ƙahoninsa ya riƙe, makaɗa suna zuga shi. Yaranmu sun fi yin zancen wannan a mota fiye da komai. Akwai kuma wasan kara da aka san Damagaram da shi, inda samari ke kwaikwayon sarki da manyan gwamnati da kayan da suka ƙera da karan hatsi, manyan suna kallo suna dariya. Muna ganin garin da ya iya wannan wasa ya san sarauta, ya kuma san mai riƙe da ita mutum ne.

GININ ƘASA BA YA JIRA

A 2006 gwamnatin Nijar ta gabatar da unguwar Birni da fadar sarki ga hukumar Unesko, cikin wuraren da take neman a lissafa su a kayan tarihin duniya. Takarda dai ba ta tare ruwan sama. A farkon Satumba na 2024, bayan ruwa mai yawa, tsohon masallacin Birni ya rushe, ginin ƙasa da ya haura shekara 150 ana sallah a cikinsa. Da yawanku kun ga hoton a waya kuna can baƙon wuri, kun kira gida kuna tambaya. Abin da ya tsaya tun zamanin su Tanimun, rana ɗaya ya kwanta.

Ginin ƙasa yaɓe yake so kowace shekara kafin damina, a gyara indararo, a toshe tsaga tun tana ƙarama. Da, sarki ke kiran mutane su fito dole. Yau ba mai tilasta kowa, sai wanda ya ga abin nasa ne. Magina masu sanin wannan aiki suna tsufa, samarin da za su koya kuwa suna Legas da Aljeriya.

Don haka ga roƙonmu. Ku ƴan bida, in Allah ya kawo ku gida Sallah, ku ware wuni ɗaya ku kai ƴaƴanku Birni, musamman waɗanda aka haifa a waje. Ku tuna fada gidan mutane ne, ba kasuwa ba. A yi sallama ga dogarai, a tuɓe takalmi inda aka ce, a nemi izini kafin a ɗauki hoto, a kama hannun yara in dawaki sun taso. In kun shiga, ku nuna musu bango, ku gaya musu wanda ya sa aka gina da waɗanda suka ɗauko ƙasar.

Ku kuma iyayenmu, abin da kuka ji daga bakin kakanninku game da zamanin Tanimun, ko hari ne, ko kai hatsi, ko aikin ganuwa, muna roƙo ku ba mu. Muna nan lakwal kowace Alhamis da la'asar da takarda da alƙalami, wanda ba ya iya tasowa mu za mu zo har gida. Tsohon masallacinmu na cikin gari shi ma bangonsa na gabas ya tsage, kuma damina ba ta da nisa. Za a kawo maganar gayyar yaɓe a taron ƙungiya mai zuwa, waɗanda ke nesa su aiko da abin da ya sawwaƙa ta hannun ma'aji.

Yarinyar da ta yi tambaya, mun karanta mata wannan takarda a aji kafin mu kai ta bugu. Allah ya jiƙan Tanimun, ya gafarta masa, ya jiƙan waɗanda suka yi masa aiki da waɗanda suka wahala a hannunsa. Allah ya ba mu damina mai albarka.